Ashanar da Ke Damtsena

Haihuwata ta biyar ce ta kusa tafiya da ni. Lokacin muna zaune a Badariya, cikin Birnin Kebbi, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida inda nake shanya shinkafa. Sana'ata ke nan tun ina budurwa a Gulma: in sayi shanshera, wadda ba a cashe ba, in jiƙa, in turara, in shanya, in kai inji. Maigidana yana kabu-kabu da babur tsakanin gari da Ambursa, da rani kuma yana noma 'yar gonarsa a fadama can.

Shekara takwas da aure, ciki biyar. Ban taɓa yaye yaro cikina babu wani ba. Kwanika a kan kwanika, ɗaya a baya, ɗaya a ciki, ɗaya yana jan zanena ina tsaye gaban tukunyar turara. Mata suna yi min barka, ni ma ina amsawa da murmushi, don ban san akwai wata rayuwa ba bayan wannan.

Mahaifiyata ungozoma ce a Gulma. Rabin matasan unguwarmu a hannunta suka faɗo. Ni ce ɗiyarta ta fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce "ke". Duk haihuwata ita take zuwa ta karɓa. Wannan karon ma ta zo. Yaro ya fito lafiya bayan azahar, ya yi kuka, ta yanke cibi. Sai jini ya ƙi tsayawa. Ta danna marata, ta jiƙa abin da ta saba jiƙawa ta ba ni, ta canza zane, ta sake canzawa. Ina jin muryarta tana nisa kamar daga ƙetaren gulbi. Maƙwabciyarmu ce ta fita ba mayafi ta tsayar da keke napep. Na farka washegari a gadon asibiti ana ƙara min jini, jinin maigidana da na ƙaninsa.

Akwai wata malamar asibiti a ɗakin masu jego, mutuniyar kudu ce amma ta daɗe a Kebbi har Hausarta ta koma irin tamu. Ranar da za a sallame ni ta zauna a bakin gadona, ta ɗaga fatar idona ta duba.

"Maman yara, jikinki ya gaji," ta ce. "Yana son hutu. Kin taɓa jin ashana?"

Na ji ana faɗa a gidan suna, da murya ƙasa-ƙasa. Ta ɗauko wata daga aljihunta ta nuna min, 'yar roba fara siririya, tsawon tsinken ashana. Ta ce ana sa ta ƙarƙashin fatar damtse, ta hana ɗaukar ciki shekara uku. Ranar da mace ta ce a cire, a cire, haihuwa ta dawo. Ta ce tana iya rikita jinin al'ada, kada in ce ba ta gaya min ba.

Aka sallame ni na koma gida. Duk kwanakin wankan jego da zancen ashanar nan nake kwana, da shi nake tashi.

Bayan na yi arba'in, Inna ta koma Gulma, na sami maigidana yana wanke babur a ƙofar ɗaki na gaya masa. Ya daɗe yana goge taya ɗaya.

"Ni ban hana ba," ya ce. "Na ga abin da na gani. Amma kada Goggo ta ji."

Auren zumunci ne tsakaninmu. Innata ƙanwar mahaifinsa ce, ita ta karɓi haihuwarsa shi ma, kuma har ya yi gemu bai iya haɗa ido da ita ba. Na ce to. Ya kai ni asibiti a babur ranar wata Talata da hantsi, ya tsaya a gindin dogon yaro a waje, na shiga ni kaɗai da goyona. Malamar ta tambayi hannun da nake aiki da shi, na ce dama, ta ce in miƙo hagu. Allura ɗaya ta kashe wurin. Kafin in gama karanta abin da nake karantawa a zuciyata ta naɗe damtsen da bandeji. Ta kama yatsana ta ɗora a kai ta ce in ji. Na ji ta, kwance a ƙarƙashin fata.

Ba zan ce daɗi na fara ji ba. Wata huɗu jini yana yi min wasa, yau ɗigo, gobe babu, jibi ya dawo. Na rasa ranar da nake da tsarki da ranar da ba ni da shi. Abin ya fi damuna a kan salla. Na je na tambayi malamarmu ta Islamiyya a keɓe, ta ce in ƙirga kwanakin da na saba, in sun wuce in yi wanka in ci gaba da sallata. Duk da haka akwai ranar da na koma asibiti a fusace na ce a cire min. Malamar asibitin ta ce za ta cire yanzu in na ce, hannuna ne, amma ga wasu ƙwayoyi in ina so in gwada tukuna. Na zauna a kan benci. Na tuna zannuwan da jini ya jiƙa ranar haihuwa. Na karɓi ƙwayoyin na tafi gida. A wata na biyar abin ya lafa.

Daga nan na fara sanin jikina. Jirin da nake yi in na miƙe daga tsugunne ya tafi. Na koma ɗaga rabin buhu ni kaɗai. Na raka babbar ɗiyata makaranta ranar farko da ƙafata, na tsaya har ta shiga aji. Yaron nan ya sha nono shekara biyu cur, ya yi ɓul-ɓul, na yaye shi cikina babu kowa. Ranar na dafa masa kifi, na zauna ina kallonsa yana ci, na rasa abin da ya sa hawaye suke zubo min.

Asirin ya tonu a Argungu, wajen bikin ƙanina. Mu ne a madafa, ina tuƙa tuwon shinkafa a babbar tukunya, na naɗe hannun riga har kafaɗa. Gefen zanena ya matsa kusa da wuta, Inna ta cafko damtsena ta janye ni. Babban yatsanta ya sauka daidai wurin. Hannun ungozoma ne, ba abin da yake wuce shi. Ta danna sau ɗaya, ta sake dannawa, ta dube ni. Ta sake ni ta koma cikin mutane. Da za mu watse ta ce, "Ke, gobe ki biyo Gulma kahin ki wuce."

Da safe na isa. Na yi sallama na shiga, sai na tarar da tsohon wanzamin gidanmu zaune a kan tabarma a tsakar gida, zabirarsa a gefe. Shi ya cire min belu ina jaririya. Na durƙusa na gaishe shi, na gaishe da Inna.

"Minene wanga ga hannunki?" ta ce.

"Ashana ce, Inna. Ta tazarar haihuwa."

"Wa yas sa miki?"

"Ni na je na ce a sa min."

Ta ce abin nan tafiya yake cikin jiki har ya kai zuciya, an gaya mata. Ta ce yana ƙona mahaifa. Ta ce ita ɗiya goma sha ɗaya ta haifa, ta rufe biyar da hannunta, da ta tsaya ga biyar da yau nawa take da su. Ta ce duk garin nan ita ake kira in mace na naƙuda, yanzu a ce ɗiyarta ta fari ce ta toshe kanta. Sannan ta nuna wanzamin da haɓa.

"Miƙa mishi hannu shi hidda shi. Yanzu."

Tunda nake ban taɓa ce wa Inna a'a ba. Ko auren nan da ta ce ga wanda ta zaɓa, to na ce, kuma Allah ya sa ina son sa. Na sauke hannun rigata har wuyan hannu, na riƙe bakin da yatsuna.

"Ba za a cire ba, Inna."

"Mi kic ce?"

"Na ce ba za a cire ba. Ke kika wanke zannuwan nan ranar. Ke kika san guda nawa ne. Da na tafi, yara biyar wa za a kawo wa? Ke, da ƙafarki mai ciwo? Ban ce na daina haihuwa ba. Na ce zan huta, kuma zan huta."

Inna ta juya ga wanzamin ta ce ya tashi ya yi aikinsa. Tsohon ya jawo zabirarsa ya rataya a kafaɗa.

"Hajiya," ya ce, "ni ban tsaga matar da ba ta miƙo hannu ba. Kuma wanga ba aikin aska ba ne. Waɗanda sunka sa shi su ka hidda shi." Ya sa takalmansa ya fita.

Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "In kin hita da shi gidan ga, kada ki sake kawo min ciki in karɓa."

Na ce, "To, Inna." Na gaishe ta kamar yadda na saba, na ɗauki jakata. Sai da na shiga mota, muka bar gonakin gero a baya, sannan kuka ya zo.

Abin da ya fi ƙona min rai yana jirana a gida. Ashe Inna ta riga ta kira maigidana a waya, shi kuma ya ce mata bai san zancen sosai ba. Da bakinsa ya gaya min, yana kallon ƙasa.

"Kai ka kai ni a babur ɗinka," na ce. "Jininka ne a jikina. Ka bar ni ni kaɗai gaban aska, har ana ganin na ci amanarka. Ba zan yi faɗa da kai ba. Amma ka je ka gaya mata gaskiya, ko ni in gaya mata a gabanka."

Kwana uku muna gaisuwa kawai. Ranar Juma'a bayan masallaci ya hau babur ya tafi Gulma. Ya dawo da la'asar fuskarsa kamar wanda ya yi zazzaɓi. Ya ce ya faɗa mata da yardarsa aka yi, kuma in da za a sake, zai sake yarda. Na zuba masa fura. Ban tambaye shi abin da ta ce ba.

Kusan shekara Inna ba ta yi min magana ba. In na kira ta amsa gaisuwa ta ce a ba ta yara. Tana aiko musu da busasshen kifi da albasa, ba ta taɓa cewa a gaishe ni ba. Zancen kuma ya zaga dangi. A gidan suna sai in ga ana kallon hannuna. Wata gwaggo ta ce min a cikin taro, wai an ce na zama baturiya. Na naɗe hannun rigata na miƙa mata damtsen na ce ta taɓa, ba ya cizo. Ba ta taɓa ba. Amma bayan an watse, mata biyu suka biyo ni bayan ɗaki suka taɓa. Na gaya musu komai, har da wata huɗun nan na jini, don kada su ce na yaudare su.

Da shekara uku ta cika na koma asibiti aka cire. Tana nan inda aka ajiye ta, ba ta je ko'ina ba. Malamar ta ɗan tsaga fatar ta zaro ta, ta tambaye ni ko a sa sabuwa. Na ce a'a, tukuna. Ina son ɗiya ɗaya wadda ni na shirya mata. Wata biyar bayan nan na ɗauki ciki. Na yi awo tun daga farko, na haihu a asibiti, mace, ba wata matsala.

Inna ta cika maganarta, ba ta zo karɓar haihuwa ba. Amma kwana uku da sallamarmu sai ga ta da ƙullin kayanta. Ta ɗora ruwan wanka, ta ɗauki jaririyar ta juya ta ta duba cibi, ta ce an yanke shi da tsawo. Ta yi min wankan jego har arba'in, tana gasa min jiki da hannun nan nata mai ƙarfi. Ko sau ɗaya ba ta ambaci abin da ya wuce ba, ni ma ban ambata ba.

Ana gobe za ta koma, da yamma tana tsince min shinkafa a faifai, na zauna kusa da ita.

"Inna, jibi zan je a sa min wata."

Hannunta bai tsaya ba. "Ban yarda ba," ta ce. "Har gobe ban yarda ba."

"Na sani. Ba yarda na zo nema ba. Ina so ki ji daga bakina, kada ki tsince ta a gidan biki."

Ta fitar da tsakuwa ɗaya ta jefar. Ta ce shinkafar nan ban shanya ta da kyau ba, za ta karye a inji. Na ce hadari ne ya taso na kwashe da wuri. Washegari maigidana ya kai ta tasha, jibin kuma na goya ɗiyata na tafi asibiti.