Zoben Kunnen Na'Allah

Duk wanda ya zauna Gazawa a shekarun nan na Babban Taron Ƙasa ya san Na'Allah direban buro, wato ofishin gwamnati, dogo, marar magana, mai zoben jan ƙarfe a kunnen hagu. Maƙwabcina ne, don haka ba labarin kanzon kurege zan ba ku ba.

Ɗan wabi ne. 'Ya'ya biyar uwarsa Tchima ta binne a ƙauyensu Gangara kafin shi, ba wanda ya kai yaye. Da aka haife shi, sai ta kai shi maƙera aka huda masa kunne aka sa zobe, wai in mutuwa ta leƙo ta ɗauka mace ce ta wuce. Ya girma, ya yi aure, ya yi gemu, zobe na nan. Da idonta ya mutu ma, da shi take gane ɗanta. In ya durƙusa gaisuwa sai ta lalubi kunnen, ta ji ƙarfe, sannan ta amsa.

Zamanin soja ba wanda ya kula. Da aka yi zaɓe, kowace jam'iyya ta kawo nata, aka turo wa buronsu sabon shugaba, Malam Tasi'u, mai farar riga da tsinin baki. Ran da ya fara shiga mota ya ƙura wa kunnen ido.

"Kai, mi ne wannan? Motar gwamnati ce ko ta 'yan daudu? Ko ka cire, ko ka aje makulli."

Na'Allah ya yi bayani, Malam Tasi'u ya ce masa shirka ce. Abin ya ba ni haushi ƙwarai, mutumin da bai taɓa makara ba a ce kunnensa ne laifi! Amma ga mata ga yara, ga 'yan jam'iyya na layi suna jiran kujerar. Sai ya sami dabara. Ranar aiki zobe na aljihu, in za shi Gangara ya maƙala abinsa a hanya. Haka aka ci damina, aka shiga kaka.

Rannan suka fita rangadi, hanya ta bi ta Gangara. Malam Tasi'u na son a gan shi yana gaida tsofaffi, ya ce, "Ba nan tsohuwarka take ba? Tsaya mu gaishe ta."

Na'Allah ya ce mini a lokacin zoben na aljihunsa. Ya ce wa shugaba wataƙila tana gona. Wace gona, makauniya? Shugaba ya riga ya sauka, yana biye da shi ƙafa da ƙafa, ba damar sa hannu aljihu.

Tana zaune kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Na'Allah ya durƙusa nesa kaɗan.

"Inna, ina wuni?"

"Matso mana."

Ya matso. Ta miƙa hannu, ta shafa kunnen. Ta sake shafawa. Ta koma na dama, ko ta yi kuskure. Gyaɗar da ke cinyarta ta zube.

"Ina shi?"

"Yana aljihu, Inna."

"Tun yaushe?"

"Tun bayan zaɓe."

Ta kama fuskarsa da hannu biyu tana lalube. "Kuma ba ka mutu ba?"

"Ga ni, Inna."

"Mutuwar ba ta gan ka ba ne. Miƙo."

Ya waiga. Malam Tasi'u na tsaye, ya harɗe hannu, ya girgiza masa kai sau ɗaya. Ita kuwa tafin hannunta a buɗe, tana jira. Na'Allah ya zaro zoben ya sa mata, ya sunkuyar da kai. Ta daɗe tana neman hujin kafin ta samu, ta matse ƙarfen da sauran haƙoranta.

"Wane ne kuka zo tare?"

"Mai gidana ne a wurin aiki."

"To Allah shi yi mishi albarka, shi da ya riƙe min kai."

Suka shiga mota suka koma Gazawa. A ƙofar buro Malam Tasi'u ya miƙo hannu, Na'Allah ya ba shi makulli.

Yanzu amalanken jaki yake kora, yana ɗaukar wa 'yan kasuwa buhuna. Tchima ta rasu bayan shekara biyu, tana alfahari ɗanta direban gwamnati ne, don ba wanda ya iya gaya mata. Na ce masa yanzu ai sai ya cire. Ya taɓa kunnen, ya ce in bari tukuna.