Kombin Titus da Aka Ja Zuwa Kaltungo

Sunana Iro, Bakatsine ne ni, bakanike, aikin inji nake yi. Shekara talatin da ɗaya muka yi da Titus a ƙarƙashin bishiyar maina guda a unguwar Herwagana da ke Gombe, ni ina cikin inji, shi yana kan jikin mota da guduma da walda. Ya rasu bara da damina. Na sha ɗaukar biro in rubuta wani abu a kansa, amma da na iso inda na shigo cikin labarin sai in ajiye. Yau dai na ce sai na ƙarasa.

Mutumin Kaltungo ne. Yana ɗan shekara sha shida ya zo Gombe koyon sana'a, kuma a cikin wata Kombi ta cocinsu aka kawo shi, irin tsohuwar bas ɗin nan mai inji a baya. Ya ce duk hanya bai kalli gari ko ɗaya ba, kunnensa na kan ƙarar injin. Ya koyi aiki, ya auri Hilda, suka haifi Danny, ya gina ɗaki uku a bayan garejinmu. Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, ba ya iya magana a hankali saboda guduma ta cinye masa kunne ɗaya. Idan na tashi salla shi ke tsare min kayan aiki, ya kori duk wanda ya zo aron sifana. Ranar Kirsimeti kuwa ni nake yanka masa akuya, don ya ce yana so in ci da hannu biyu.

Wata rana ya je Kwadon gyaran wata tirela ya dawo yana haki.

"Bakatsine, tashi! Na gan ta."

"Wa ka gani? Maman Danny ta sani?"

"Rufe bakinka, tsohon banza. Kombi! Albasa suke zubawa a ciki."

Muka je, tana yashe a wata gona. Babu taya, babu gilashi, kaji sun yi ƙwai a mazaunin direba. Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Mai gonar ma da ya ji Titus saye zai yi, sai da ya tambaye shi ko lafiyarsa ƙalau. Haka muka ɗora ta a kan babbar mota muka kawo gida, tana warin albasa har wata uku.

Shekara shida ya yi a kanta. Ya yanke ruɓaɓɓen ƙarfe ya sa sabo, ya buga, ya goge, ya shafa da tafin hannu idonsa a rufe. Ya yi mata fenti shuɗi a ƙasa, fari a sama. Ni na haɗa injin. Abin da ya fi ba mu wuya shi ne kafireta, wadda ke haɗa mai da iska ta ba inji. Irin tata ta ɓace a kasuwa. Sau uku Titus yana zuwa Jos kafin ya samo ta wurin wani tsoho, ya dawo da ita a naɗe cikin rigarsa kamar jariri. Ranar da injin ya tashi, mata sun fito daga gidaje da ludayi a hannu, don ƙararsa ba ta ɓuya.

Kujerun baya ya yi su da noti huɗu kacal. Na tambaye shi dalili, sai ya kwance su a gabana, ya shiga ya miƙe a ƙasan motar, ya haɗa hannuwa a ƙirji.

"Ka gani? Har da sauran wuri. Ita ta kawo ni Gombe, ita za ta mai da ni gida. Kai za ka tuƙa."

"Allah ya sawwaƙe. Ni zan riga ka."

"Kai? Mugu ba ya mutuwa da wuri."

Da ciwon ƙoda ya kwantar da shi a asibiti, ya ba ni makullin Kombin. Abu ɗaya ya roƙe ni: kowace Asabar in tayar da ita, ta yi minti goma tana aiki, kada injin ya kwana da yawa.

Asabar biyu na yi hakan. A mako na uku Alhaji Bamanga, wani tsohon mai kawo min aiki, ya zo da ƙaramar Bitil ta mahaifinsa, motar nan mai kama da kunkuru, yana so a ɗauki 'yarsa amarya a ciki. Injinta iri ɗaya ne da na Kombi, kuma kafiretarta ta fashe. Duk bakanike ya san abin da muke yi a irin wannan hali. Motar da ke ajiye, a ciro nata a sa wa mai sauri, in an samo wani a mayar. Aro muke ce masa, ko da mai motar bai sani ba. Na ce a raina kwana huɗu ne, biki ya wuce in mayar. Na buɗe bayan Kombin Titus na kwance kafiretarta, na toshe ramin da tsumma.

Biki ya wuce, Alhaji bai dawo da mota ba. Na kira, ya ce ango ya ji daɗinta, an bar musu ita su ɗan yi yawo. Na ji nauyin matsa wa babban mutum. Mako ya zama wata, wata ya zama uku.

Kowace Lahadi da yamma ina zuwa asibiti. Ya rame, muryar nan tasa ta koma ƙarama. Tambayarsa ta farko ba ta canzawa.

"Ta tashi jiya?"

"Bugu ɗaya."

"Ba ta tari?"

"Ko kaɗan. Kai take jira."

Sai ya lumshe ido yana murmushi. Hilda na zaune a gefen gado tana ɓare masa lemo, ba ta ɗaga kai. Sau goma sha ɗaya na faɗi wannan magana. Na ƙirga.

Ranar Talata da hantsi ya cika. Aka sa jana'iza Juma'a a Kaltungo. Danny ya same ni a gareji idonsa jawur ya ce, "Baba Iro, ka san abin da ya ce game da motar." Na ce na sani.

Na kira Alhaji Bamanga. Ya yi min ta'aziyya sosai, sannan ya ce Bitil tana Abuja, ango kuma ya yi tafiya da makullin gidan. Laraba da Alhamis na zagaye duk masu tsofaffin kayan mota na garin nan, na tona tarin ƙarfe da hannuna har farcena ya cire. Na gwada ta wata mota, na yi mata ƙarin ƙarfe, injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Tsohon nan na Jos, aka ce shi ma ya rasu.

Alhamis da la'asar na shiga gidan Titus. Matan coci sun cika tsakar gida suna waƙa. Na roƙi Hilda ta fito zaure, na durƙusa, ni da furfurata.

"Maman Danny, motar ba za ta tashi ba. Na cire mata kafireta na sa wa wani, wata uku ke nan. Ƙarya nake yi masa."

Ta kira ni da sunan 'yata, yadda ta saba.

"Baban Batul, tagar ɗakina tana kallon garejin nan. Injin da in ya tashi duk Herwagana sai ta sani? Tun Asabar ta uku na san ba ka tayar da ita. Na zaci kasala ce."

"Me ya sa ba ki faɗa masa ba?"

"In faɗa masa me? Duk mako wannan maganar kaɗai ke sa shi dariya." Ta goge fuska da bakin zane. "Tashi, mutane na gani. Ya ce a cikinta zai tafi, kai za ka tuƙa. Yadda za ka yi, kai ka sani."

Da safe na kwance noti huɗun nan, na cire kujerun baya. Muka sa akwatin gawar, ya zauna daidai, har da sauran wuri. Danny ya kawo a-kori-kura, muka ɗaura sarƙa. Na zauna a sitiyari, ƙafata a kan birki, aka ja mu.

Ban taɓa jin shiru irin na cikin motar nan ba. Sai ƙarar sarƙa, sai akwatin yana ɗan motsi a bayana in mun shiga rami. A Kumo masu gyaran taya suka miƙe suna kallo. A Billiri wani da ya san shi ya matso ya ce, "Ashe motar Oga Titus ba ta taɓa tashi ba?" Shekara shida na aikinsa, abin da mutane suka gani ke nan. Na buɗe baki na ce, "Tana tashi. Ni na lalata ta." Bai gane ba, ya ce Allah ya ba mu haƙuri.

A gangaren da ke kusa da garinsu birki ya yi zafi, sai da na taka da ƙafa biyu don kada mu hau kan Danny. Ina takawa ina ce masa ya yafe min, da ƙarfi, ta wajen kunnensa mai ji. Mun isa. An binne shi kusa da mahaifiyarsa.

Bayan mako uku Alhaji Bamanga ya aiko da kafireta a cikin leda, da godiya. Na wanke ta da fetur na mayar. Ranar Asabar na murɗa makulli, bugu ɗaya ta tashi. Na zauna a ciki ina kuka kamar yaro.

Hilda ta fito ta tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu. Ba ta matso ba, ba ta kuma koma ciki ba. Da aka jima ta dubi agogon hannunta, wanda na Titus ne, ya yi mata yawa.

"Minti goma ya ce, Baban Batul. Saura huɗu."