Shekara Takwas da Muka Ƙara wa Inna

Inna ba ta san shekarunta ba, kuma hakan bai taɓa hana ta barci ba. In an tambaye ta sai ta ce ta isa ta ɗauki tulu, ta isa ta sauke. Takarda ce ta zo ta nemi lissafin, a shekarar da ta gabaci cutar korona, lokacin da ta kira ni ɗakinta ta ce garkenta ya isa ya kai ta Makka, in je in yi mata abin da ake yi.

Sai na fara faɗin abin da ba a faɗa a gidanmu. Ba Inna ta haife ni ba. Yayarta ce ta haife ni, a wani ƙauye gefen Kelle, ta rasu ina da wata huɗu, mahaifina kuma bai daɗe bayanta ba. Inna a lokacin ba ta wuce shekara goma sha biyu ba. Ita ta goya ni, ita ta riƙa tatsar akuya tana ɗura mini da ludayi. Da ta girma aka yi mata aure a Gure, ta ce ba ta tarewa sai da ni, aka ɗoro ni a amalanke tare da kwanoninta. Mijinta, Allah ya ji ƙansa, shi ya sa ni lekol, wato makarantar boko, kuma da aka tambayi sunan uwa don takardar haihuwata, nata ya bayar.

Ina ɗan shekara goma wata tsohuwa mai dogon baki ta faɗa mini gaskiyar a gidan biki. Na dawo gida na kasa cin tuwo. Inna ta dube ni, ta gane, ta tashi ta ƙaro mini man shanu a miya. Iyakar maganar da muka taɓa yi a kan wannan ke nan. Ta ci gaba da yi mini kunyar ɗan fari kamar yadda kowace uwa take yi: ba ta kiran sunana, ba ta yabona a gaban mutane. Tun da na fara koyarwa sai ta koma ce mini Malam, da ɗan murmushin da ke nuna ba ta ɗauki malantar tawa da wani nauyi ba.

To, fasfo ba ya samuwa sai da takardar haihuwa, ita kuwa ba ta taɓa mallakar ko ɗaya ba. Muka tafi biro, ofishin da ake yi wa manya irin wannan takarda. Ma'aikacin saurayi ne mai ladabi, ga layi a waje, ga zafi.

"Hajiya, shekarunki nawa?"

"Ban je ba tukuna," in ji Inna. "Kada ka ɗora mini sunan da ban sha wahalarsa ba."

Ya yi dariya ya ce to, Baba tsohuwa, nawa ne? Ta ce shi da ya yi karatu ai shi zai sani. Ya saba da irin wannan, sai ya bi hanyar da suke bi. Ya nuna ni da alƙalami.

"Wannan ɗanki ne?"

"I."

"Shi ne na fari?"

Ta sunkuyar da kai ta ja mayafi, yadda ake yi in an ambaci ɗan fari. Ya tambaye ni shekaruna, na ce arba'in da takwas. Ya ɗora ashirin a kai, ya rubuta sittin da takwas. Ina zaune, ni da nake koya wa yara lissafi kullum, na san sittin ne, na kuma san ita ma ta san bai kai haka ba. Amma in buɗe baki a gaban baƙo in ce tsakaninmu shekara goma sha biyu ce kawai? Sai ya ce yaya aka yi haka, sai in ce me? Na karɓi takardar a haka. A hanyar gida har tana tsokanata, wai yau ta gode, an ƙara mata girma kyauta.

Fasfo ya fito. Aka sayar da abin da za a sayar, aka kai wa ajans ɗin da ke jigilar mahajjata a Damagaram. Inna ta sayi akwatin ƙarfe shuɗi ta fara tara kaya: fararen zannuwa biyu, silifas, yajin citta, busasshiyar kuɓewa, wai ta ji abincin can ba ya riƙe ciki. Matan unguwa suka fara zuwa da saƙonni, wannan a roƙa mata haihuwa, waccan a roƙa wa ɗanta shiriya. Ba ta iya rubutu ba, sai ta riƙa ƙulla wa kowace ƙulli ɗaya a jikin wani zare don kada ta manta.

Sai cutar ta zo. Mu a Gure da kunne muka fara jin ta. Aka rufe lekol, aka rufe iyaka, aka ce kada a taru a masallaci. Ban taɓa ganin ran mutanen garinmu ya ɓaci kamar na hana jam'i ba. A majalisarmu ta bakin tasha kowa ya zama likita: wani ya ce ciwon masu shiga jirgi ne, wani ya ce zafin Gure kaɗai ya isa ya dafa shi, wani ya ce ai ba a taɓa nuna masa gawa ɗaya ba. Ni ina yi musu faɗa da rana, ina kawo musu abin da rediyo ta ce, amma a cikina ni ma haushi nake ji. Makiyayin da ya saba kai dabbobinsa kudu an tare shi, mai gonar dabino a kwari ba mai ɗaukar kayansa, kuma wanda ya yanke hukuncin bai taɓa tambayar yadda ake kwana a nan ba.

Ranar da aka ce babu Hajji ga mutanen waje a wannan shekarar, na daɗe a ƙofar gida ina neman yadda zan faɗa mata. Ashe ta riga ta ji. Ta ce, "Mai ɗakin ne ya ce a dakata, Malam. Baƙo ba ya ture ƙofa." Ta fito da kuɓewar ta raba wa maƙwabta, ta ce baɗi ta shanya sabuwa. Baɗin ma aka ce babu. Ta sake rabawa.

A shekara ta biyun ce allurar rigakafi ta iso. Abin da ba a faɗa a kanta ba sai wanda ba a tuna ba. Aka ce tana kashe haihuwa. Aka ce duk wanda aka yi wa, shekara biyu ce ta rage masa. Saƙonnin murya suka cika wayoyi, kowane da mai rantsuwa a ciki wai ɗan'uwan abokinsa ya gani da idonsa. Ma'aikatan likita suna zaune da akwatin sanyinsu tun safe, ba mai leƙa su sai kuɗaje. Ba zan ɓoye ba, ni ma na ja da baya. Na ce wa kaina bari dai wasu su fara.

Inna ta ji an ce nan gaba ba mai shiga Makka sai da katin allura. Washegari ta yafa mayafi ta tsaya a kaina.

"Tashi ka raka ni gidan likita."

"Inna, a ɗan jira mu ga yadda..."

"Yo kai ba kai ke yi wa mutane wa'azin rediyo ba? Ashe bakin ne kawai." Ta yaye hannun riga ta nuna mini tabon lambar rigakafi da aka yi mata tana yarinya. "Wannan ma cewa suka yi za ta kashe mu, muka ɓuya a rumbu. Ga ni nan."

Na bi ta kamar akuyar da aka ja da igiya. Aka yi mata, aka yi mini, ita tana hira da yarinyar da ta soke ta, ni ina salati. Kwana biyu jikinta ya yi zafi, matan unguwa suka riƙa shigowa gaisuwa da fuskar ta'aziyya, wasu ma daga bakin ƙofa suke tsayawa. Aminiyarta ta shekara talatin ta daina cin abin da Inna ta aika mata. Wannan ya yi mata ciwo, na gani, amma ta nannaɗe katinta a leda ta sa a ƙasan akwati, kusa da fasfo.

A shekara ta uku aka buɗe hanya. Na ji a rediyo ina cikin aji, na kusa yin guɗa a gaban yara. Sai mai labarai ya ƙarasa: sai wanda aka yi wa allura, kuma sai wanda bai wuce shekara sittin da biyar ba. Na tsaya da alli a hannu. Inna a gaskiya sittin da uku take. A takarda kuwa saba'in da ɗaya.

Na shiga kar, motar haya, na tafi Damagaram. Mutumin ajans ya juya fasfon ya ce shi ba abin da zai iya, abin da ke rubuce shi ake gani. Na dawo na sami wani abokina da ya san aikin kotu, na buɗe masa abin da ban taɓa buɗe wa kowa ba. Ya ce ana gyarawa, in aka yi sauri ma za a iya cim ma jirgi. Sai dai takardata ta ce ita ce uwata, kuma ba alƙalin da zai sa hannu a kan cewa ta haihu tana da goma sha biyu ba tare da bayani ba. Dole ta tsaya da shaidu biyu daga ƙauyenmu, ta faɗa da bakinta cewa ɗan yayarta ne ni, a gyara tata, a gyara tawa.

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Wallahi haka na ce. Har na aika Kelle a nemo mini tsofaffi biyu.

Na same ta da la'asar tana tsince wake a faifai. Na zauna a kan turmi na yi mata bayani tiryan-tiryan, idona a ƙasa, don shekara arba'in ke nan muna zagaye wannan magana ba mu taka ta ba. Ta bar ni na gama. Hannunta bai daina tsintar ba.

"Sai in ce me a gaban alƙalin?"

"Gaskiya kawai, Inna. Kalma biyu ce. Kowa ma ya sani."

"Kowa ya sani, amma ba daga bakina ba."

Raina ya ɓaci, don ina da saurin fushi, kuma fushin a kaina nake yinsa. Na ɗaga murya. Na ce shekara nawa tana kiwon dabbobin nan, na ce ta sha allurar da gari ya guje ta a kanta, na ce ni ba yaro ba ne, gemuna ya yi fari, ba abin da takarda za ta rage mini. Na ce farilla ce fa, ba kasuwa ba.

Ta ajiye faifan. Ta dube ni kai tsaye, abin da ba ta cika yi ba.

"Ranar da yayata za ta cika, ta kama hannuna ta ce kada in bari ka san maraici. Ban bari ba. Yanzu da tsufana in je in ɗaga hannu in rantse ban haife ka ba, a rubuta, a buga hatimi, don in hau jirgi? In je gaban Ɗakin Allah da wannan a hannuna?" Ta ɗauki faifanta. "Wanda ya kira ni ya san shekaruna. In yana so in zo, zai bar ƙofar a buɗe. Ka sallami tsofaffin nan, kada ka wahalar da su."

Na fita bayan gida na yi kukan da ban yi ba tun ina yaro.

Mahajjatan shekarar suka tafi, suka dawo. Ta je ta yi wa kowanne barka, ta sha zamzam a ɗan murfin kwalba, ta tambayi yadda wurin yake kamar mai tambayar labarin ƙauyensu. Bayan kaka ta shanya sabuwar kuɓewa. Ba ta kai ga ɗaure ta ba zazzaɓi ya kwantar da ita, kwana shida, ta cika da hantsi, kanta a cinyar ƙanwata, 'yar cikinta.

A zaman makoki na ji wani a bayana yana raɗa wa na kusa da shi cewa ai dama an ce shekara biyu. Na juya, kuma da ba don liman ya dafa gwiwata ba, da na yi abin da za a daɗe ana faɗa a unguwar. Aminiyar tata ta zo ta fi kowa kuka. Ban hana ta ba, ban kuma iya amsa gaisuwarta ba. Ba a yi wata uku ba rediyo ta ce an cire ƙa'idar shekaru, tsoho da yaro kowa ya zo. Na kashe rediyon.

Da muka buɗe akwatin, komai yana nan yadda ta jera. Zaren saƙonnin yana cikin aljihun fasfo, ƙulli goma sha ɗaya, ba wanda ya san wanne ne na wa.

Daga baya aka ce sai na yi takardar rasuwa. Na koma biron nan dai. An sauya ma'aikaci, wata yarinya ce yanzu, da na'ura a gabanta. Ta yi mini gaisuwa, ta tambayi sunan mamaciyar, na faɗa.

"Me kake gare ta?"

"Ɗanta ne. Na fari."

"Shekarunta nawa?"

Ba kowa a ɗakin sai ni da ita, kuma ba sauran jirgin da za a rasa. Na ce saba'in da ɗaya. Ta rubuta.