Goro Ɗaya, Mutum Uku

Mu uku muka bar giya a damina ɗaya: ni masaƙi, da marini maƙwabcina, da maƙerin unguwarmu a Maska. Kunya ce ta haɗa mu, don kowa ya sha ganin ɗan'uwansa kwance a juji, ya gane kansa. Daga nan, duk ranar kasuwa, idan tsofaffin abokanmu sun sulale bayan ganuwa wurin masu burkutu, mu sai mu zauna gindin tsamiya mu fasa goro ɗaya. A zamanin nan goro sai fatake sun iso daga Gwanja, ba kowa ke samu ba. Ga shi Allah ɓari biyu Ya yi shi, mu kuwa uku, saboda haka kullum sai mun yi rigimar wa aka ƙwara. Kafin rigimar ta mutu la'asar ta yi, ƙishin ya wuce, kowa ya koma gida da ƙafarsa.

Haka muka yi ta yi har furfura ta fito mana. Wata damina sai wan maƙeri, wanda ya zauna a ƙauyensu wajen Kafur bisa al'adar iyayensu Maguzawa, ya kira gayya. A can, in an tashi daga noma, mai gona ne ke miƙa wa ƙaninsa ƙwaryar giya da hannunsa, kuma wanda ya ƙi karɓa ya yanke zumunci ke nan a gaban dangi.

Maƙeri ya zo gindin tsamiya jiki a sanyaye. Ya ce, "In ƙwaryar nan ta shigo hannuna, wallahi na san halina. In na ƙi kuma, na rasa Yaya."

Marini ya ce, "To, hannunka kaɗai ne hannu a Maska?"

Muka ari fartanyu muka bi shi. Kai, mun sha dariya ran nan! Ni da na saba da zare, kafin hantsi tafina ya yi bororo. Marini kuwa, da hannayensa shuɗɗa, ya sare dawa fiye da ciyawa, har mai gangar noma ya bar kowa ya dawo kansa da habaici.

Da aka tashi, aka jera tulunan giya a inuwa. Ba zan ɓoye ba, da warin nan ya bugi hancina, yawuna ya tsinke, na ji tsoro. Muka sa maƙeri a tsakiya. Wansa ya ciko ƙwarya, ya tsaya a gabansa. Maƙeri ya sa hannu biyu ya karɓa yadda ake yi, hannun na rawa har giyar na zuba a gwiwarsa. Sai marini ya sa nasa a ƙarƙashi, ni ma na sa nawa. Muka riƙe ta mu uku.

Maƙeri ya ce, "Yaya, na karɓa, na gode. Sha ne ba zan yi ba. In na kurɓa, ba za ka sake ganina a tsaye ba."

Dattijon ya daɗe yana duban hannuwanmu. Can ya ce, "Ni na ɗauko ka daga kududdufi wata shekara, ka manta? Kawo nan." Ya karɓe ƙwaryar, ya kira matarsa ta dama mana kunun tsamiya a sabuwar ƙwarya, sannan ya juya ga jama'a ya ce, "Ku ga baƙin ƙanena, ba noma, ba sha!" Aka kwashe da dariya. Maƙeri na dariya, hawaye na sauka cikin kunun. Ban taɓa jin daɗin kunu kamar na ran nan ba.

Maƙeri ya riga mu gidan gaskiya, kuma har aka sa shi a kabari giya ba ta sake taɓa bakinsa ba. Na gode Allah da Ya haɗa ni da shi. Ni da marini har yau muna zama gindin tsamiya ranar kasuwa. Yanzu da goron ya yi mana daidai, ɓari ɗaya ɗaya, mun kasa cinsa haka. Gida uku muke fasa shi, mu ajiye na ukun a kan tabarma, don duk wanda ya zo hannunsa na rawa.