Tsaya-Cak a Bakin Gada

Duk layin babu mai kiransa da sunansa na yanka. Tsaya-Cak ake ce masa, don kalmar da ta fi yawa a bakinsa ke nan tun ranar da ya buɗe shagon hoto tsakanin tela da mai gyaran rediyo. Ɗalibi mai neman hoton fasfo, sabon direba, tsohuwar da jikoki suka janyo da ƙyar, kowa sai ya sha "tsaya cak" kafin a ɗauke shi. Ko matarsa, in tsokana ta motsa mata, da sunan take kiransa cin abinci.

Ɗan mai gyaran agogo ne. Uban ya so ya gaje shi, amma shi ya fi son duba tururuwa da zaren riga ta ɗan madubin da ake maƙalawa a ido, a kan duba cikin agogon mutane. Da ya tasa sai ya kama aiki wurin wani mai hoto, ya yi shekaru yana wanke fim a ɗaki mai duhu kafin ya tsaya da ƙafarsa.

Gilashin kyamara biyu gare shi. Gajeren na shago ne, yana kwaso ɗaki gaba ɗaya har da labule, sai dai kowa ya fito ɗan ƙarami. Dogon kuwa, wanda matarsa ke kira taɓarya, na filin ƙwallo ne. Yakan ce iya tsawon gilashi iya yadda yake jawo na nesa, amma kuma iya ƙuncin abin da zai nuna maka, kamar mai leƙe ta bututu. Zai kawo maka gumin goshin mai tsaron gida, ya ɓoye maka sauran filin. Kuma duk abin da ya ƙara wa girma, har da rawar hannun mai riƙe da shi yake ƙarawa.

Wannan ce ta raba shi da taɓaryar. Bayan ya haura sittin hannunsa ya soma rawa, shayi na zuba a gefen kofi. A shago bai damu ba, tunda akwai ƙarfe mai ƙafa uku da yake ɗora kyamara a kai. A fili kuwa hotunan suka riƙa fitowa kamar an shafe su da jiƙaƙƙen tsumma. Bai gaya wa kowa ba. Ya naɗe dogon gilashin a tawul ya tura ƙarƙashin gado.

Autarsa, wadda ke ɗinki a wani kamfanin riguna da ke tsallaken kogi, takan tsokane shi cewa wayarta na yin aikin taɓarya da yatsu biyu. Shi kuma ya ce mata wayar ba ta jawo komai, tsakiyar hoton take yankowa ta miƙe shi kamar roba. Su yi ta musu har matarsa, Umma, ta kore su daga kicin.

A shekarar da aka yi babban ruwa, kogin ya fasa gaɓarsa da hantsi, bayan ma'aikata sun riga sun shiga. Tsallaken da kamfanin yake kwari ne. Mai gyaran rediyo ne ya shigo gidan da labarin, takalmi ɗaya a ƙafa. Umma ta kira wayar Auta, a kashe. Ta sake kira, a kashe. Da ta juyo sai ta ga mijinta a durƙushe yana janyo tawul daga ƙarƙashin gado. Ƙarfen mai ƙafa uku yana kulle a shago, shagon kuma ba a hanyar kogi yake ba. Bai koma ta kansa ba.

'Yan sanda sun rufe gadar. Jama'a sun cika tudun da ke bakinta, kowa ya ɗaga waya yana buɗa yatsu a kan fuskarta, ba abin da ke fitowa sai dabbare-dabbare masu launin ƙasa. Da ido ana hango rufin kwano can nesa, ruwa ya ci ginin har wuya, da wasu ɗigo-ɗigo a kai da ba a san mutane ne ko kaya ba. Jirgin ceto guda ne ya iso, ƙarami mai inji, direbansa na tsaye yana kare ido da tafin hannu.

Tsaya-Cak ya fara da gajeren gilashi don ya gane wurin. Ga hasumiyar waya, ga dogon bututun hayaƙi, ga kamfanin a tsakani. Sannan ya ɗaura dogon. Yana kai ido, duniya ta kama tsalle. Ruwa, sama, ruwa, gefen kwano, sama. Ya riƙe numfashi, ya matse gwiwar hannu a haƙarƙari, abin ya ƙi. Zufa ta karyo masa.

Umma ta matso. Ta zagayo gabansa, ta ba shi baya, ta dafa ƙarfen shingen da hannu biyu.

"Ɗora a kafaɗata, Malam."

A nan ya gane ta daɗe da sanin abin da yake ɓoyewa. Ya ɗora. Kafaɗar na hawa da sauka da numfashinta, sai ya koyi danna maɓallin a daidai lokacin da ta sauke.

Hoton farko mai kyau ya fito a bayan kyamarar: mata a jere a kan tsinin rufin, cikin koriyar rigar aiki, wasu sun rungume juna. Nan take aka yi masa caa. Wannan na cewa a duba masa ƙanwarsa mai farin ɗankwali, waccan na jan hannun rigarsa tana faɗin kamannin 'yarta. Ya roƙe su su ja baya, don ko taɓa shi aka yi hoton ya tafi. Ya bi rufin daga wannan baki zuwa wancan, fuska bayan fuska, yana faɗin abin da ya gani, wasu na fashewa da kukan murna a bayansa. Ya kai ƙarshe. Ya sake dawowa. Babu Auta.

Umma ta ji shirun a kafaɗarta. Ba ta juyo ba, amma ƙarfen da ta dafa ya soma ƙara.

Ya ci gaba da lalube a hankali, taki kaɗan-kaɗan, don in ya motsa gilashin da faɗin yatsa a nan, can ya tsallake gida guda. Bishiyoyi. Motar kaya a kife. Sai ga tankin ruwa a kan dogayen ƙafafun ƙarfe, da mutum biyu a kan ɗan dandamalin da ke ƙarƙashinsa. Koriyar riga su ma. Ɗaya a kwance, ɗaya ta sunkuya a kanta. Gilashin ya kai iyakarsa, bai kawo fuska ba. Amma wadda ta sunkuya ta ɗaga hannu ta tura ɗankwalinta baya da bayan yatsu, kuma mutum ɗaya ya sani a duniya mai yin haka.

Direban jirgin ya matso ya duba. A hoton, tankin kamar jingine yake da rufin. Ya ce ai shi ke nan, zai kwaso su a tafiya guda. Tsaya-Cak ya girgiza kai. Ya ce aikin dogon gilashi ne, yana harhaɗa na gaba da na baya su zama kamar maƙwabta. Ya taɓa ɗaukar hoton ma'aikata a harabar. Tsakanin ginin da tankin akwai filin ajiye motoci da katanga mai waya a kai, yanzu duk suna ƙarƙashin ruwa.

Direban ya dubi kogin. Ya ce in haka ne sai ya zagaya ta baya, kuma zagayen zai ci lokaci.

"Baba, kai kake gani. Wanne ne ba zai jira ba?"

Tsaya-Cak ya mayar da ido kan kyamarar. Ya daɗe a kan tankin, yana neman ko ƙafarsa ɗaya da ta karkata. Duk suna tsaye ƙyam, ruwan bai kai rabinsu ba. Ya koma kan rufin. Tsakiyarsa ta lotsa, kwano ɗaya ya ɓalle yana kaɗawa, matan sun matsu gefe guda.

"Rufin," in ji shi. "Tankin zai jira."

Umma ta zame kafaɗarta. Da ƙyar ya tare gilashin bai faɗi ba. Ta kalle shi kallon da bai taɓa gani a idonta ba, ta ce ba a san halin wadda ke kwance ba, ba a san ko ruwan zai ƙaru ba, kuma 'yarsa ce a can. Ya ce ya sani.

Jirgin ya yi ta jigila. Kowace tafiya ya kwaso abin da zai iya ɗauka, ya juya. Tsaya-Cak ya ɗora gilashin a kan shingen ƙarfe, motsin jama'a na girgiza shi, yana ganin tankin yana ɓacewa yana dawowa. Ruwan ya hau mataki ɗaya na tsanin tankin, ya hau na biyu. Can sai ya ji an ture hannunsa. Umma ce ta dawo ta tsaya a gabansa, ba ta dube shi ba.

Rana ta karkata kafin jirgin ya zagaya bayan katanga. A lokacin rabin rufin ya riga ya nutse, babu kowa a kai. Ta gilashin ya ga an sauko da ta kwancen da igiya, wata abokiyar aikin Auta ce mai tsohon ciki. Auta ta sauko da ƙafarta. Da aka fito da ita tudu, tafukanta sun yage saboda riƙon tsani, muryarta ta dushe. Uwar ta rungume ta. Shi kuwa ya zauna a ƙasa.

Umma ta yi kwanaki tana ajiye masa abinci ba magana. Auta ce ta shirya su, ta ce ita ma daga sama tana ganin rufin na lotsawa, da jirgin ya fara zuwa wurinta da ta kore shi.

Ba kowa aka samu ba a ranar. Makonnin da suka biyo baya mutane suka riƙa zuwa shagon da ƙananan hotuna da aka ɓanɓaro daga katin aiki, suna so a ƙara musu girma su rataya a ɗaki. Kowa babba yake so, iya faɗin bango. Yakan zaunar da su ya nuna musu a kan allon kwamfuta yadda fuskar ke watsewa in an matsa mata. Sai ya riƙa ƙarawa a hankali, su suna kallo, har inda idon mamacin yake nan da kamanninsa. A nan yake tsayawa ya buga.