Dodon da Ya Daina Jira

A bajekolin wasannin kwamfuta na birnin Utrecht, Wiebe na tsaye a rumfar kamfaninsu yana kallon wani dattijo da ke gwada sabon wasansu. Dattijon dogo ne, yana zaune, hularsa a gwiwa, hannunsa na rawa. Yana karanta kowace maganar jarumin wasan, leɓɓansa na motsi. Da gani ka san ya daɗe a harkar, tun zamanin da ake faɗan wasa bi da bi, dodo ya tsaya sai ka gama shawara.

Wiebe ne ya cire wannan jiran daga sabon wasan. Manyan kamfanoni sun koma faɗan sauri, shi kuma ya dage sai an bi sahunsu.

Ga dodo ya fito. Dattijon ya jingina yana tunanin dabara, kafin yatsansa ya sami maɓalli an kashe jarumin. Ya sake gwadawa, aka sake kashe shi.

Ya tashi, ya gyara wa mai jiran layi a bayansa kujera, ya yi wa Wiebe murmushi.

"Wasan ya yi kyau, ɗana. Hannun ne ya tsufa, ba laifinku ba ne."

Wiebe ya yi godiya, idonsa a ƙasa.