Kabarin Bayan Gidan Bature

Gidan yana bakin hanyar Kabo, kafin ka shiga Gwarzo. Wani Bature mai sayen gyaɗa ne ya gina shi da dutse, har da murhu a jikin bangon falo. Babana ne mai ba furanninsa ruwa. A ɗakin baya aka haife ni, a nan nake har yau.

Bayan gidan akwai ɗan kabari mai farin dutse. Babana ya ce karen Baturen ne, shi ya haƙa ramin, kuma kada in gaya wa kowa. Ban gaya ba, don kabarin nan ne ya ciyar da ni. Duk wanda ya karɓi gidan sai ya kauce wa gefen, ni kuwa in shuka dawa da wake.

Da Bature ya tafi, En'e ta mai da gidan masaukin baƙi. Sannan wani malamin makaranta, mutumin kudancin Kaduna, ya zauna da iyalinsa. Wata rana matarsa ta tare ni.

"Malam, 'yar wa ce ke kiran autata wasa a baya? Mun duba, ba mu ga kowa ba."

Na ce ban sani ba. A raina na ce kare ba ya kiran mutum.

Suka tashi. Aka mai da gidan ɗakin shan magani, ya watse. Wani Alhaji ya saya ya zuba kaji. Ko'ina suna tono, ban da gefen nan. Na gani.

Bara ɗan Alhajin ya zo zai jera shaguna har baya, wato gonata ta tafi.

"Baba, an ce min kare ne a ciki. Ka shekara sittin kana cin gadon kare."

Leburorinsa suka ƙi taɓawa, sai ya miƙo min diga. Rana tsaka ce. Kamu biyu na haƙa, na fito da sarƙar wuya da ƙasusuwan kare. Ya yi dariya, ya ce in kwashe duka.

Sai digar ta daki tukunya. Fasassun tukwane ne a jere, yadda muke rufe mamatanmu. Na ɗaga ɗaya. Yarinya ce ƙarama, kwance kan damanta tana fuskantar gabas, da 'yar jigida a ƙugu.

"Mayar, Baba," in ji shi. "Mayar da sauri."

Shagunan sun tsaya a gaba, gefen ya zama nawa. Bana ban shuka komai ba, kuma karen ban mayar da shi ciki ba.

Inna takan ce ni ne na biyu a wurinta. Ban taɓa tambayarta ina ta farin take ba.